Ƙwayoyin da ke cin iskar metan a ƙasan teku, dangi ɗaya na?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu karatun maikirobayoloji ku taimaka man. An ba mu aiki kan ƙwayoyin halitta masu cin iskar metan wurin da ruwan zahi ke hitowa daga tsagar ƙasan teku, irin wanda anka hwara gani 1977 kusa da tsibiran Galapagos da jirgin nutso Alvin, zurhin kamar mita 2,500. Abin da ya ɗaure man kai shi na, can babu rana, wani wurin ma babu oksijin, to da mi suke ƙona metan ɗin? Kuma duk dangi ɗaya na ko kowa da kakanai?

Yayanku na Arkilla:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba dangi ɗaya ba na ko kusa. Kashi na hwarko bakteriya na, suna zama daidai inda ruwan zahin ya gamu da ruwan teku mai sanyi mai oksijin, aikinsu da sauƙin ganewa, da oksijin ɗin suke ƙona metan, enzayim ɗinsu (wato sinadarin da ke yi musu aikin) mai jan ƙarhe ciki kuma ɗan uwan wanda masu cin amoniya ke aiki da shi na, tushensu ɗaya.

Na biyun su na abin mamaki, ana ce musu ANME, wato masu cin metan ba da oksijin ba, su ba bakteriya ba na, arkiya na, wani babban dangin ƙwayoyin halitta na daban, kuma cikin laka suke inda babu oksijin. Danginsu na kusa su na masu SAMAR da metan, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya. Enzayim guda suke aiki da shi, mai sinadarin nikel, sai dai su ANME sun juya tahiyar baya, kamar ka ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Gusau ka biyo ta daga Gusau, hanya ɗaya, tasha ɗaya, gaba ta bambanta. Galibi su kaɗai ba su iyawa, sai sun manne da wasu bakteriya masu shaƙar salfet a madadin oksijin, su miƙa musu ilektiron. A 2000 anka wallahwa hoton wagga dunƙulewa tasu. Ribar kuzarin kaɗan ta ƙwarai, shi ya sa sai su yi watanni kahin su ninka yawansu, ka ga mai jiran su a ɗakin gwaji sai ya yi haƙurin gaske.

Hajiyar Runjin Sambo:
Yaya ka manta masu zaman haya. Akwai wani kwanson teku Bathymodiolus da ke tsaunukan tsakiyar tekun Atilantika, bakteriyar metan cikin matatar numfashinai suke zaune, shi yana jawo musu ruwa mai metan da oksijin su kuma su zama abincinai, wasu ma iri biyu suke ajewa lokaci guda, masu metan da masu salfa. Ɗan Mabera ka sa wanga ciki, malamai na son shi.

Mai Keke Gidan Dare:
Ni dai ba ɗan boko ba na amma wannan metan ɗin ba shi na gas ɗin girki ba? Ashe har da masu cin shi 😂

Yayanku na Arkilla:
A'a malam, na tukunyar girki daban na, metan shi na mahi yawa cikin CNG da ake sa ma motoci yanzu. Ɗan Mabera ka duba wurare biyu ka kwatanta. Guaymas da ke tekun Kalifoniya ta Meziko, can zahi ke dahwa matattun abubuwa cikin laka metan ya hito, kuma an samu wani rukunin ANME da ake ce ma ANME-1 masu jure zahin digiri 50 zuwa 60. Sai Lost City da anka gano a 2000 cikin Atilantika, can dutse da ruwa ke haɗuwa su ba da haidirojin da metan. Ni a ganina zahi da oksijin su ke raba wa zai zauna ina, kan haka zaka gina aikinka.

Ɗan Mabera:
Allah shi saka da alheri Yaya, Hajiya na gode. Saura guda, sauran rukunan ANME, wato ANME-2 da ANME-3 hwa, su ma suna wurin zahi ko sai inda metan ke tsattsahowa da sanyi?