Wasa yana daskarewa a tsohuwar kwamfutata, me zan fara gyarawa?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana kwamfuta. Ina neman shawara kan wani wasan intanet na yaƙi da kasada, irin wanda ɗaruruwan mutane ke shiga duniya ɗaya, kowa da jaruminsa.

Laftof ɗina tsohuwa ce: RAM (ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita) 4GB, Windows 10, ma'ajiyarta HDD mai juyawa, kuma ba ta da katin hoto na daban. Idan ina daji ni kaɗai, wasa na tafiya lafiya lau. Da na shiga birni inda 'yan wasa suka taru, sai hoto ya riƙa tsalle-tsalle, wani lokaci ya daskare ɗungurungum, fanka na ta kuka, ƙasan na'urar ya yi zafi har ba ya ɗoruwa a cinya. Kafin ya dawo, an riga an kashe ni.

Na rage hoto zuwa 720p, na kashe inuwa, na rufe burauza. Ba na zargin intanet, don ping, wato jinkirin saƙo tsakanina da wasan, ba ya hawa. Task Manager kuwa, mai nuna aikin da na'ura ke yi, yana nuna RAM ta kusa cika, aikin HDD a 100%.

To, wanne zan fara: ƙara RAM zuwa 8GB ko sa SSD, ma'ajiya mai sauri, a madadin HDD? Na san sashen hoto na cikin firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) daga RAM yake ara, shi ya sa hankalina ya fi karkata can. Ko zafin ne ke sa firosesa rage gudu, in fara da share ƙurar fanka?

Don Allah kada a ce in sayi sabuwa, da da hali da ban tambaya ba. Na gode.