Abin da aka tattauna kan haɗa 'yan kowane yanki a aikin soja

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar tattaunawarmu kan haɗa 'yan kowane yanki a rundunar sojan Najeriya.

1. Kusan kowa ya yarda cewa rundunar da ta haɗa 'yan kowace jiha ta fi samun amincewar talakawa. Sashe na 217 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ma ya ce dole sojoji su wakilci sassan ƙasa.

2. Harshe: da yawa sun yaba umarnin 2017 na sojoji su koyi Hausa, Yarbanci da Ibo. Sojan da ke jin harshen ƙauye ya fi samun bayanan sirri, kuma mutane ba sa gudunsa. Ni ma nan ra'ayina ya fi ƙarfi.

3. Kason jihohi a NDA, makarantar horar da hafsoshin soja wadda aka kafa a Kaduna a 1964, da Depo ta Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji: nan aka rabu. Wasu sun ce adalci ne, wasu sun ce cancanta kaɗai za a duba. An kuma koka cewa 'ya'yan manya na cinye gurbin talakawa.

4. Mata: tun 2011 NDA ke ɗaukarsu. Masu goyon baya sun fi yawa. Wasu iyaye sun nemi a tabbatar musu da masauki na daban.

5. Shawara ga matasanmu: ku cike fom da wuri, ku tanadi takardar shaidar ƙaramar hukuma, kada ku ba kowa kuɗi.