Kwanakin farko na doguwar tafiyar ƙasa

Sabon Shiga: Jama'a, mai tafiyar makonni a ƙasa, kilomita nawa zai fara yi a rana?

Mai Sanda: Ɗan'uwa, 12 zuwa 15 sun isa. A rana ta 2 da ta 3 cinyoyi ke tsami. Jakarka kada ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinka.

Matafiyiya: Ni dai ƙafa nake ji maka. Sabon takalmi da jiƙaƙƙiyar safa ke jawo bororo, ita kuwa safar auduga riƙe gumi take. Da ka ji diddige na zafi, tsaya ka manna filasta tun fatar ba ta kumbura ba.

Mai Gora: Ruwa kamar rabin lita duk awa. Fitsari ya yi duhu, ƙara.