Dan Allah a ba ni shawara: an taɓa balans ɗin wata mamba kuma ba a san wa ya taɓa ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Masu harkar databes ku taimaka min dan Allah. Akwai wata ƙungiyar 'yan kasuwa masu adashi da ba da rance da nake kula musu da manhaja, a kan PostgreSQL take, wato manhajar databes mai ajiye bayanai a tebur-tebur, kowane mamba yana da layi ɗaya a tebur da gurbin balans, in ya kawo kuɗi a ƙara masa in ya karɓa a rage. To wata baiwar Allah ta zo da rasit ɗinta na hannu, lissafinta dubu 85 amma kwamfuta na nuna dubu 60, kuma mutum uku ne ke shigar da kuɗi duk da faswod ɗaya, yanzu kowa na rantsuwa ba shi ba ne, shugaban ƙungiya kuma ni yake kallo. Wlh abin ya hana ni barci don amanar mutane ce. Ya zan sake tsarin yadda duk abin da aka taɓa zai bar sawu?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Matsalar tana cikin gurbin balans ɗin nan, duk lokacin da aka rubuta sabon adadi a kan tsoho to tsohon ya tafi kenan. Ka buɗe tebur na shige da ficen kuɗi, kowace ajiya layi guda, kowane cire kuɗi layi guda, da lambar mamba da adadi da lokaci da wanda ya shigar. Balans kuma jimillar layukan nan ce, ba wani abu da ake rubutawa da hannu ba. In an yi kuskure, misali an sa dubu 50 maimakon dubu 5, ba a gogewa ba a gyarawa, sai a shigar da wani layi da ke warware na farko tare da dalili, sannan a sa daidai. Kuma kar ka dogara da manhaja ta hana su, a cikin databes ɗin kanta za ka cire wa asusun da manhajar ke shiga da shi izinin UPDATE da DELETE, wato gyara da gogewa, a wannan tebur da umarnin REVOKE, ka bar masa INSERT da SELECT kawai, wato shigarwa da karantawa.

Akanta: Gsky abin da yaya ya faɗa shi ne aikinmu tun fil azal, mu ba ma shafe lamba a littafi. Ka ƙara da shigarwa biyu, duk kuɗin da ya shiga asusun mamba ya bayyana kuma a asusun kuɗin hannu ko na banki, ɓangarorin biyu su daidaita. Luca Pacioli ya rubuta wannan tsari tun 1494 a Italiya kuma har yau da shi bankuna ke aiki. Layukan biyu su shiga tare ko su fasa tare, kar NEPA ta ɗauke wuta a tsakiya rabi ya shiga rabi ya maƙale.

Wani ɗan guruf: Kawai ka koma bulokcen malam, kundin nan da kwamfutoci da yawa ke riƙe kwafinsa, ba mai iya taɓa komai.

Tsohon hannu: A'a ɗan uwa, ƙungiya ɗaya mai saba ɗaya, wato kwamfuta ɗaya da ke riƙe databes, ba ta buƙatar wannan ɗawainiyar, kuma in ma'aikaci ya karɓi dubu 25 bai shigar ba tun farko bulokcen ba zai sani ba.

Mai tambaya: Na gode sosai. To sauran tebura fa, kamar sunan mamba da lambar akawun ɗinsa na banki? Waɗannan dole a riƙa gyara su.

Malama mai tsaron bayanai: Nan ne za ka sa tiriga, wato umarnin da databes ke aiwatarwa da kanta duk lokacin da aka taɓa tebur. Duk gyara ko gogewa ta kwafe OLD da NEW, wato tsohon bayani da sabo, zuwa teburin sawu, da lokaci irin timestamptz daga agogon saba, ba na wayar ma'aikaci ba don kowa na iya juya agogon wayarsa. Amma ka kula, tiriga sunan asusun databes take gani, in manhajarka da asusu ɗaya take shiga to kullum suna ɗaya za ka gani, sai ka riƙa miƙa mata lambar ma'aikacin da ke aiki a lokacin. Kuma faswod ɗayan nan a raba shi yau ɗin nan, kowa da nasa, in ba haka ba duk wahalar banza ce. TRUNCATE ma, umarnin da ke kwashe duk layukan tebur lokaci ɗaya, ba ya tayar da tirigar DELETE, ka hana shi daban. Sai abin da mutane ba sa son ji, kai kanka da ke riƙe da babban asusu kana iya kashe tiriga ka gyara abin da ka ga dama, don haka a riƙa tura kwafin sawun zuwa wata na'ura da ba ka da ikon goge ta, ko a sarƙe layukan da SHA-256, wani lissafi mai fitar da hatimin da ke sauyawa in an taɓa bayani, kowane layi ya ɗauki hatimin layin da ya gabace shi, a ba shugaba hatimin ƙarshe duk wata. Wannan kai yake karewa ranar da aka sake kallonka. Sannan teburin sawu cike yake da bayanan mutane, ga dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ba kowa za a bari ya buɗe shi ba.

Wani ɗan guruf: Ƙari kaɗan, kuɗi kar ka ajiye shi a gurbi irin FLOAT don lissafinsa kusan-kusan ne, gwada 0.1 + 0.2 a Python ka ga 0.30000000000000004. Ka sa irin NUMERIC mai riƙe adadi daidai, ko ka ajiye kobo a cikakkiyar lamba. Kuma lambar rasit ta zama UNIQUE, wato ba ta maimaituwa, saboda in netwok ya tsaya mutane danna maɓalli suke yi sau biyu.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ita baiwar Allahn fa, akwai yadda za a gano inda dubu 25 ɗinta ta shiga?

Tsohon hannu: In kana da tsofaffin bakof, wato kwafin databes da aka ajiye da pg_dump, ka ɗora su a wata kwamfuta daban, ba a kan ta aiki ba, ka bi balans ɗinta ka ga tsakanin wane bakof da wane ya sauya, sai a haɗa da ƙasan rasit da littafin wanda ke kan aiki a kwanakin. Zai nuna maka lokaci amma ba zai nuna mutum ba, don haka kar a kama sunan kowa a kai. In rasit ɗinta na da sa hannu da hatimin ƙungiya a biya ta, a shigar da shi a sabon tsarin a matsayin layin gyara da amincewar shugaba.