Tsimin Wutar Lantarki a Bariki: Shawarwarin Majalisar Nima

Tsofaffin sojoji da masu gyaran wuta sun zauna a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, kan yadda za a gane ko shirin tsimin wuta a bariki irin Burma Camp, hedkwatar sojojin Ghana, yana aiki.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce mita. Idan gidajen iyali, ofisoshi da ɗakin girki suna kan mita ɗaya, ba a sanin inda wutar ke zurarewa. A raba su. Sannan a gwada bil ɗin ECG, kamfanin rarraba wuta na Ghana, na Maris bana da na Maris bara, ba da na wani wata daban ba, don zafi ke tayar da na'urar sanyaya ɗaki.

Wani dattijo ya ce tun zamanin dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta, ya kamata a riƙa rubuta man janareto lita-lita. A goge ƙurar hunturu daga farantan sola. Asibitin sojoji na 37 kuwa, kowa ya yarda kada a rage masa wuta.