Maigidana na fama da MS, an ce maganin wiwi zai taimaka, ga tafiya Kano a gabanmu

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Muna zaune a Birmingham. Shekara huɗu ke nan da aka gano maigidana na da cutar MS, wadda ke cin rigar jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa. Da farko an ce sammu ne, Hajiyarsu ta yi ta aiko da rubutu da hayaƙi daga Kano, aka yi ruƙiyya, aka yi ƙaho, har muka ɗan samu saɓani da yayarsa don ta ce ni na hana shi komawa gida a nemi magani. Wannan dai ya wuce. Yanzu ƙafafunsa ne ke sandarewa da dare kamar itace, ya yi ta zabura, shi bai runtsa ba ni ban runtsa ba. Ƙwayar baclofen, mai sassauta tsoka, da aka ba shi kuma sai ta sa ya wuni kamar wanda aka yi wa duka.

Maƙwabciyata ta ce ai an halatta wiwi don magani a ƙasar nan, sai na sayo man CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya sa maye, a shago. Sati uku yana sha, shiru. Wani abokinsa kuma ya ce zai samo masa ganyen a naɗa. Ga bikin ƙanwarsa a Kano cikin Disamba, mun riga mun yanki tikiti. Wace hanya ce ta doka? Wanne ya fi, mai ko ganye? Kuma za mu iya tafiya da shi gida?

Baban Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Maman Ilham, maƙwabciyarki rabin labari ta ba ki. Abin da ya faru ranar 1 ga Nuwamba 2018, lokacin Sajid Javid na ministan cikin gida, shi ne an ba ƙwararrun likitoci damar rubuta maganin da aka yi da wiwi. Ƙwararru kawai, waɗanda sunansu ke rajistar ƙwararru ta GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Likitan unguwa, wato GP, ba shi da hurumin fara rubuta shi. Ita kanta tabar tana nan a rukunin B na haramtattun ƙwayoyi: riƙe ta ba takardar likita zai iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5, wanda ya miƙa wa wani kuma har 14, ko kyauta ya bayar. Ki gaya wa abokin nan ya rufa wa kansa asiri. Ko mai takardar likita ma doka ta hana shi ƙona ta ya zuƙa.

Ga mai MS akwai magani mai rajista, Sativex, feshi ne na baki. Kowane feshi ɗaya na ɗauke da miligiram 2.7 na THC, sinadarin wiwi mai sa maye, da 2.5 na CBD. Tun Nuwamba 2019 hukumar NICE, mai ba asibitocin gwamnati shawara kan magunguna, ta ce a ba babban mutum mai sandarewar gaɓoɓi gwajin sati 4 idan sauran magunguna sun gaza. Kafin a fara zai ba ciwon maki daga 0 zuwa 10, bayan sati huɗu a sake tambayarsa. In bai ragu da kashi 20 cikin ɗari ba, a dakatar. Ki kira nas ɗin MS da ke kula da shi, ki ambaci sunan maganin, ki nemi a haɗa ku da likitan jijiya. Daga yau ki fara rubuta makin kowane dare a littafi. Likita ya fi sauraron takarda a kan "wallahi yana shan wahala".

Ban da baclofen me aka gwada? Ba ki faɗa ba.

Anti Rabi:
Baban Hanif, a takarda haka yake. Amma ka san samun feshin nan a NHS, wato asibitocin gwamnati, ya danganta da yankin da mutum yake, wani wuri a bayar, wani wuri a yi ta jan ƙafa. Abin da ke ba ni haushi ke nan, an yi doka an buga ganga, talaka kuma sai ya kwance bakin aljihu. Yawancin masu samun maganin nan a Birtaniya ta asibitocin kuɗi suke bi. Za su nemi taƙaitaccen tarihin lafiyarsa daga GP, su ga an gwada aƙalla magani biyu, sannan a gana da likita ta bidiyo. Kuɗin ganin likita daban, na magani daban, kuma wata-wata ne, don takardar irin wannan magani kwana 28 take aiki. Ni da za ki ji tawa, ki nemi mai na ɗigawa a ƙarƙashin harshe. Ya fi rufin asiri, ba wari, ba yaron da zai tambaye ki mene ne wannan.

Ɗan Fagge:
Anti, mai na da nasa tarkon. Kafin ya fara aiki sai an yi rabin awa zuwa awa 2, ya kuma daɗe awa 6 zuwa 8 a jiki, saboda hanta na juya THC zuwa wani sinadari mai ƙarfi. Nan mutane ke faɗawa rami: an sha, minti ashirin ba a ji komai ba, a ƙara, can tsakar dare duka biyun su taso tare, ga bugun zuciya ga jiri ga tsoro. In ya biyo bayan abinci mai maiƙo ma ya fi shiga jiki. Idan kwalbar ta ce miligiram 10 a kowane mililita, to 0.1 a sirinjin awo shi ne miligiram 1, kuma likitoci kan fara ne daga 1 zuwa 2.5 da dare, a yi kwana biyu ko uku kafin a ƙara.

Mai zabura cikin dare kuwa abin da ke aiki nan take yake so. Wannan sai busasshen fure a na'urar turarawa. Ba ƙonawa take ba, dumamawa take tsakanin digiri 180 da 210, wajen 230 ne ganye ke fara ƙuna. A niƙa shi ba lukui ba, kada a danƙare mazubin, a ja sau ɗaya a hankali, a jira minti 15. Cikin mintuna yake kamawa, ya sake bayan awa 2 zuwa 4.

Baban Hanif:
Ɗan Fagge, lissafinka daidai ne, shawararka ce ba daidai ba. Mutumin da ke shan baclofen, ƙafa ba ƙarfi, ka ce ya tashi ƙarfe biyun dare ya turara fure mai THC da yawa sannan ya nufi bayi? Faɗuwa ke nan. Kuma furen da man asibitin kuɗi duk ba su da rajistar magani, ana komawa kansu ne bayan mai rajista ya gaza. A bi layi.

Yadda ake feshin: kwana biyun farko feshi ɗaya da yamma, kwana na uku da na huɗu biyu, a na biyar a ƙara ɗaya da safe, a yi ta hawa cikin sati biyu har a tsaya inda ya ji daidai. Ba a wuce 12 a yini, kuma minti 15 tsakanin feshi da feshi. Sabuwar kwalba a girgiza, a danna sau biyu ko uku cikin tishu sai ta fara fitar da feshi mai laushi. Yau cikin kunci, gobe ƙarƙashin harshe, don in aka dage wuri ɗaya baki na yin gyambo. Wadda ba a buɗe ba a tsaye cikin firij, wadda aka buɗe kwana 42 ne wa'adinta. Ku lura da abu ɗaya: wasu masu MS da wannan sandarewar suke iya tsayuwa, in ta saki sai gwiwa ta lanƙwashe. Makon farko kada ya hau bene shi kaɗai.

Maman Ilham:
Na gode. An taɓa ba shi gabapentin ma, ya bari da kansa. Amma man shagon nan ba na banza na saya ba, mai shagon ya ce shi ne mafi ƙarfi, kuma ina ganin kamar ya ɗan fi barci. Maganar bene kuma ai ba wai ya kwanta ba ne, har yanzu yana fita da tasi da yamma.

Baban Hanif:
Tasi? Shi ya kamata ki fara faɗa. Man shago kayan ƙarin abinci ne, THC ɗin da doka ta bari a kwalba guda bai wuce miligiram 1 ba, ba zai saki tsoka ba. Hukumar abinci ta FSA ma tun 2023 ta ce mai lafiya kada ya wuce miligiram 10 na CBD a yini. Ki kai kwalbar a nuna wa likita, don CBD na taɓa aikin hanta da wasu magunguna irin warfarin mai hana jini daskarewa.

A Ingila iyakar THC a jinin direba maikirogiram 2 ne a lita, abin da ko kaɗan aka sha za a iya haurawa. Mai takardar likita na da kariya in ya bi umarni kuma tuƙinsa bai taɓu ba. In ya taɓu, takarda ba ta ceto. Ita MS ɗin kanta wajibi ne a sanar da DVLA, hukumar lasisin tuƙi, rashin yi tara ce har fam 1,000, ga ƙaramar hukumar da ta ba shi lasisin tasi da nata sharuɗɗan. Ya sanar?

Abu Maryam:
Ba wanda ya taɓo addini. Sativex kusan rabinsa sinadarin giya ne, kodayake wanda ke cikin feshi 12 bai kai rabin giram ba. Malamai da dama sun yi rangwame kan abin da ke gusar da hankali idan amintaccen likita ya rubuta, babu madadi, kuma ba maye ake nema ba. Wasu sun tsananta. Ku zauna da malamin da kuka yarda da shi, ku tambaya har da hukuncin feshin safe a watan azumi. Abin takaici, a gida da an ji "wiwi" an gama yanke wa mutum hukunci, alhali tramadol da kodin sun cika lungu ba mai cewa uffan.

Anti Rabi:
Batun Kano kuwa, a'a. Najeriya ba ta san wiwin magani ba, dokar hana wiwi ta 1966 da ta NDLEA na nan daram. Marigayi Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a bari a noma don magani, ba a yi ba. Wasiƙar likitan Birmingham ba ta ɗaure jami'in filin jirgin Malam Aminu Kano. In ta Dubai ko Jidda za ku sauya jirgi, abin ya fi haka muni. Har man shagon ki bar shi a gida.

Ɗan Fagge:
To in zai bar shi a Disamba, me ya sa zai fara yanzu? Ya jira Janairu mana.

Baban Hanif:
Samun ganin likitan jijiya kaɗai zai iya cin watannin. Ta nema yanzu. Tambaya ɗaya da za a yi masa kafin a rubuta komai: a danginsa akwai mai taɓin hankali? Sativex an hana shi ga wanda ke da tarihin irin wannan ciwo, ko a kansa ko a danginsa.

Maman Ilham:
Akwai ƙaninsa da aka taɓa kwantarwa a asibitin ƙwaƙwalwa, amma shi aljanu ne, kowa ya sani, kuma ubansu ɗaya ne kawai. Sai na faɗa wa likita wannan? Maganar DVLA kuma ban sani ba, shi ke kula da takardunsa, in na tambaya zai ce na kai sirrinsa waje. Tikiti ba a mayar da kuɗinsa. Ƙaramar kwalba ɗaya a cikin jakar kayan shafa, wa zai duba?

Anti Rabi:
Karnukan filin jirgi.

Maman Ilham:
To Anti, sati uku a Kano ba barci, ya zan yi da shi?