Sun ce mini ba iyaka, yanzu sun ba ni kwana 30 in kwashe kayana

Mai tambaya:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, kuma abin na gaggawa ne. Ni mai ɗaukar bidiyo da hoton biki ne, shagona yana unguwar Zariya nan Maradi. Shekara uku ke nan ina biyan wani kamfanin ƙasar waje mai ajiye wa mutane fayil a intanet, jika 60 duk shekara, da katin bankin yayana da ke Yamai. Kalma ɗaya ce ta ja ni, wadda suka rubuta da manyan baƙaƙe a shafinsu: ilimite, wato ka zuba iya son ranka, ba iyaka. Aure, suna, walimar sauka, tarbar alhazai, duk abin da na ɗauka sai in bar kwamfuta tana turawa cikin dare in tafi gida. A haka na tara tera 4 (tera ɗaya jiga dubu ne).

Shekaranjiya bayan isha'i saƙo ya shigo. Wai amfanina ya wuce kima, daga yanzu tera 1 ne rabona. Sun ba ni kwana 30 in rage, ko in koma tsarin manyan kamfanoni da kuɗinsa ya ninka nawa sau biyar, in ba haka ba su share abin da ya hau. Alhali wata huɗu ke nan da na sabunta biyan shekara. Abin da ya hana ni barci shi ne disk ɗina guda ya mutu bara, akwai bukukuwan da babu su ko'ina sai can. Ina da haƙƙi a kansu? In yi rigima ko in biya? In kuma barinsu zan yi, ina zan koma?

Mai gyaran kwamfuta a babbar kasuwa:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye maganar haƙƙi tukuna, ɗauko alƙalami. Tera 3 za ka sauke. A ce konekishon ɗinka yana ba ka megabit 10 a daƙiƙa ba ya raguwa, kwana 28 za ka yi, dare da rana, kuran bai ɗauke ba, rezo bai yanke ba. Kai ma ka san ba a garin nan ba. Ke nan kwana 30 ɗin nan ba su isa ka kwashe komai, dole ka zaɓa.

Yau ɗin nan ka jera diskokin da ke hannunka, ka rubuta bikin da kake da shi a gida da wanda babu. Waɗanda suka tafi da disk ɗin da ya mutu, da su za ka fara. Ka sauke ta manhajarsu ta kwamfuta, kada ka bi ta burauza, don in ya yanke manhajar tana ɗorawa daga inda ta tsaya. Sannan kada ka aika musu zagi yanzu. Kayanka na ɗakin mutum, makulli na aljihunsa, ba lokacin ɗaga murya ba ne.

Ɗalibi a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Yaya, ba a kanka aka fara ba, kuma manya ma sun yi. Microsoft ta yi alkawarin ba iyaka a ma'ajiyarta ta OneDrive cikin 2014, shekara na zagayowa ta janye, ta ce ta samu masu ajiye tera 75 su kaɗai, ta mayar da kowa tera 1. Amazon ta sayar da nata dalar Amurka 60 a shekara daga 2015, ta soke a 2017, ƙarshen 2023 ma ta rufe Amazon Drive gaba ɗaya. Google Photos da muke zuba hotuna kyauta ya daina ranar 1 ga Yuni 2021, yanzu duk abin da ka sa cikin jiga 15 ɗinka yake ci, tare da Gmail. Dropbox ta daina nata na ƴan kasuwa a 2023, ta ce wasu na haƙar kuɗin kirifto da shi, wasu na yanka shi suna sayarwa.

Dalilin ɗaya ne. Fayil ɗinka ba a cikin gajimare yake ba kamar yadda ake kiran irin wannan ajiyar, a kan disk yake a wani babban gini, ana biyan wuta, ana biyan sanyi, kuma ba kwafi ɗaya suke ajiyewa ba. Lissafinsu kamar na mai tuwo ne da ya ce a biya dala ɗari a ci a ƙoshi: ya san yawancin mutane malmala biyu za su ci. Ran da masu cin goma suka yi yawa sai ya sake doka.

Wani ɗan zaure:
Ka tuntuɓe ni ta ciki. Ina da asusun Google Drive ilimite, jika 5 kacal, biya ɗaya har abada.

Mai gyaran kwamfuta:
Haba malam, mutum na neman fita daga rijiya kana nuna masa wata. Irin asusun nan na makarantun waje ne ake sayarwa ta bayan gida, kuma Google ta soke ba iyaka na makarantu tun 2022. Bayan haka, wanda ya buɗe maka yana iya leƙa kayanka, yana iya rufe ka ran da ya ga dama. Mutum biyu sun zo mini shago da wannan kukan, ban iya yi musu komai ba.

Wani Alhaji ɗan kasuwa:
Ni ban san tera ba, amma na san ciniki. In na ce wa mutum ya zuba gyaɗarsa a sitona har shekara, nawa ne ko nawa, na karɓi kuɗinsa, ba ni da bakin cewa ya kwashe a wata na huɗu don buhunansa sun yi yawa. In na ga asara, in jira shekara ta cika in ce ban sabuntawa. Wannan cin amana ne, a kira shi da sunansa. Yaro, ka nemi kuɗinka.

Malamin makaranta:
Alhaji, gaskiyarka ta fuskar mutunci. Sai dai akwai doguwar takardar nan da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba. Kusan dukansu suna rubuta cewa suna iya canza tsari in sun ba da sanarwa, da cewa ba iyakar tana ƙarƙashin amfani daidai kima, kuma ba sa faɗin nawa ne kimar. Wasu ma suna hana amfani da tsarin mutum ɗaya wajen sana'a. Hadisi ya ce Musulmai suna kan sharuɗɗansu, to shi ya sa hannu.

Alhaji:
Malam, sharaɗin da aka ɓoye a ƙasan buhu, aka ɗora wani a baki, shi ne sharaɗi? In na jera manyan tumatir a saman kwando na cusa ruɓaɓɓu a ƙasa, me za ka kira ni a wa'azi?

Malamin makaranta:
Algus zan kira shi, ban musa ba. Abin da nake nufi, alƙalin da zai saurari wannan ba a Maradi yake ba. Takardar tasu kan ce in rigima ta tashi, a ƙasarsu za a yi ta. An taɓa gwadawa: wani kamfani mai suna Bitcasa ya soke tsarinsa na ba iyaka a 2014, ya ba mutane ƴan makonni su kwashe. Masu amfani suka kai ƙara a Kalifoniya, abin da suka fara samu shi ne ƙarin ƴan kwanaki. Su da ke can ke nan, da lauyoyinsu.

Ma'aikaciyar banki:
Ƙanena, akwai hanyar da ba ta kai kotu ba. Ka ɗauki hoton shafin da suka rubuta ilimite in har yana nan, da rasit ɗin biyanka, da saƙon da suka aiko. Ka rubuta musu cikin ladabi ka nemi abu biyu: ƙarin wa'adi, ka gaya musu ƙarara inda kake da yadda intanet yake, da kuma mayar da kuɗin wata takwas da suka rage. In sun ƙi, mai katin, wato yayanka, ya je bankinsa ya shigar da ƙorafin cewa ba a ba shi abin da ya biya ba. Yana da wa'adi, don haka ya tambaya tun yanzu. Amma ka kiyaye: sai ka gama kwashe kayanka za a shigar, don da zarar banki ya taɓa su suna iya rufe asusun nan take.

Wata Hajiya:
Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri da ni. Bidiyon bikin ɗiyata da aka ɗauka shekara biyu da suka wuce, da mata cikin gida ba mayafi ana ta rawa, yanzu kuna nufin yana ajiye a wata ƙasa wurin mutanen da ban sani ba? Mu da aka ba kile muka ɗauka shi ke nan. Ɗana, ban ce kai ne ka ɗauka ba, amma in akwai irinsa a wurinka, kira masu shi. Wanda ke so ya kawo kile ya karɓa, wanda ba ya so ka share. Ba dukiyarka ba ce da za ka yi ta dakonta.

Tsohon mai hoto:
Hajiya ta riga ni. Tun zamanin kaset nake wannan aiki, kuma na rantse rabin tera 4 ɗin nan ɗanyen ɗauka ne, wanda ba a tace ba. Kamara na kallon ƙasa, yara na wucewa, an jira amarya minti arba'in. Wa zai dawo neman wannan bayan shekara uku? Ni ƙa'idata, ɗanye wata shida, tataccen aiki shekara biyu, kuma ina gaya wa mai biki tun ranar ciniki. Tataccen ina sa shi a disk biyu, ɗaya a shago, ɗaya a gida cikin akwati saboda ƙura da zafi. Intanet na uku ne, kuma mai iyaka nake biya, wanda aka rubuta mini tera 2 ƙuru-ƙuru. Wanda ya faɗa maka adadi ya yi lissafinsa, yana iya cikawa.

Masu cewa a zuba a Telegram, ku sani fayil ɗaya ba ya wuce jiga 2 sai in kana biya, sannan ba su yi maka alkawarin komai ba. Wanda ya tuna Megaupload, wani shafin ajiye fayil, ya san yadda hukumomin Amurka suka rufe shi rana ɗaya a Janairun 2012, masu fim ɗin sata da masu hoton ƴaƴansu duk suka tashi a tutar babu.

In za ka sayi disk, a gwada maka shi a gabanka. Akwai na jabu da ke nuna tera 2, ka zuba jiga 100 ya fara cinye na farko.

Mai tambaya:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na kwana a shago da littafi. Baba mai hoto, ka canka: ɗanyen ɗauka ya fi tera 2, na fara sharewa, hannuna na rawa amma ina yi. Bukukuwan da babu su a gida 23 ne, sun kai jiga 600, su na sa a gaba. Na rubuta wa kamfanin yadda Anti ta banki ta ce, har yanzu amsar inji kawai na samu. Hajiya, na kira gida tara, uku sun ce in share, ɗaya ma maigidan ya yi mini faɗa sosai, na ba shi haƙuri.

Saura abu ɗaya: wa ya san wurin da ke da intanet mai sauri na fiba da sola a cikin gari, da zai bar ni in kwana da kwamfutata mako ɗaya? Zan biya, kuma zan zo da tabarmata.